Kifin Ado Mai Haihuwa: Sauƙin Kiwo Da Wuyar Riƙo

A sanin yawancin jama'a, kifi ƙwai yake yi. Tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa duk ta ƙwai suke yaɗuwa. Amma akwai waɗansu 'yan ƙananan kifaye masu launi iri iri, waɗanda ake kiwo a gida cikin akwatin gilashi domin ado, da suke haihuwar 'ya'yansu da rai, ɗa ya fito ya kama iyo nan take. Wannan hali shi ya sa kiwonsu ya yi sauƙi, shi ne kuma yakan jawo wa mai kiwo hasara idan bai yi shiri ba.

Iri huɗu ne suka fi shahara, watau gupi da moli da filati da kuma mai wutsiyar takobi. Dukansu daga nahiyar Amurka suka fito. Filati da mai wutsiyar takobi 'yan Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, shi kuwa gupi asalinsa Benezuwela da tsibirin Tirinidad da kewayensu. Ya sami sunansa ne daga Robert Guppy, wanda ya aika da shi daga Tirinidad zuwa Landan, aka sa masa suna a 1866. Namijin gupi da ƙyar yakan wuce santimita 3, amma shi ne mai ado. Macen ta fi girma, launinta kuwa bai kai nasa ba.

Da yake kifayen nan ba mafaɗata ba ne, ana iya haɗa su wuri guda su zauna lafiya. To, daga nan ne lissafi yake farawa. Macen gupi takan haihu bayan kwana 21 zuwa 30, sau da yawa 'ya'ya 20 zuwa 40 a lokaci ɗaya, su kuma cikin wata 3 sun isa haihuwa. Bugu da ƙari, takan ajiye maniyyin namiji a jikinta, ta yi ta haihuwa watanni ko da an raba su. Saboda haka wanda ya sayo mace ɗaya daga kanti, mai yiwuwa ne garke ya sayo.

Cunkoso kuwa shi ne ajalin kifin gilashi. Kashin kifi da ragowar abinci sukan zama guba da ake kira amoniya. Waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani, da suke zama a cikin matatar ruwa da tsakuwa, su ne suke karya ƙarfinta, amma sai sun ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati. Don haka masana suke cewa a fara da kifi kaɗan cikin akwati mai cin lita 40 zuwa 60, a riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, kada kuma a ba su abincin da ya wuce abin da za su cinye cikin minti 2. Ruwan famfo yana da sinadarin kulorin mai kashe kifi, lalle ne a sa masa maganin da ake sayarwa domin haka kafin a zuba. Zafin ruwan da ya dace da su digiri 22 zuwa 28 ne, saboda haka mai kiwo a Jos ko Kano sai ya kula da daren hunturu.

Game da haihuwa, dabara biyu ce. Mai son ado kawai sai ya ajiye maza zalla. Mai son 'ya'ya kuwa ya haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, don kada namijin ya gajiyar da mace guda da bi, ya kuma dasa tsiron ruwa mai duhu, gama iyaye sukan cinye 'ya'yan da ba su sami maɓuya ba.

Babban kuskure shi ne mutum ya ga kifi sun yi masa yawa ya juye su a kwata ko rafi. An kai gupi ƙasashe da dama domin ya ci tsutsar sauro, yau ga shi ya kafu a ƙasashe fiye da 60, har da magudanan ruwa na Legas. Wani bincike da masana na Jami'ar St Andrews da ke Sikotilan da abokan aikinsu na Tirinidad suka buga a 2011 ya nuna mace ɗaya mai ciki ta isa ta kafa zuriya a sabon wuri. Inda ya kafu, yakan yi gasar abinci da ƙananan kifayen ƙasa, fitar da shi kuma ba abu ne mai sauƙi ba.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin mutum ya sayi kifin farko, ya kamata ya san inda zai kai 'ya'yan: ko ya tanadi akwati na biyu, ko ya shirya da mai kanti ya riƙa karɓa, ko ya sami maƙwabci mai sha'awar kiwo.