Ajiye Salsalar Gida a Kwamfuta

Jama'a, a da salsalar babban gida, irin na Galadiman Katsina a Malumfashi, tana zaune ne a bakin maroƙa da takardun ajami. Yau kuwa a kwamfuta ake zuba ta, kuma kowace manhaja da yadda take ƙunshe bayaninta. Saboda haka ne aka fito da tsarin GEDCOM a Amurka cikin 1984, domin wannan manhaja ta iya karanta abin da waccan ta ajiye.

To, amma da jikin iyalin Bature aka auna rigar. Kowane shafin iyali miji ɗaya ne da mata ɗaya. Mai mata huɗu sai a buɗe masa huɗu. Tsarin yana neman sunan dangi, alhali mu sunan uba muke ɗauka, ko na gari. Ya san kalandar Yahudawa, bai san ta Hijira ba. Haruffan ANSEL na tsofaffin fayiloli kuma ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai Ƙanƙara ta fito da alamun tambaya. Fitowa ta 7, ta 2021, ta magance wannan da wajabta UTF-8. Shekarar Hijira kuwa, gara akawu ya rubuta ta a gurbin ƙarin bayani.