AMSA TAMBAYA: Shin Sakamakon Shekarar Farko a Jami'a Yana Shiga Lissafin Digiri?

 Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata ɗaliba a Funtuwa, wadda ta sami gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ta ce ta ji wasu na cewa aji ɗaya sharar fage ne kawai, sai a aji biyu ake fara karatu na haƙiƙa, shi ne take son a warware mata.

To 'yata, barka da arziki, Allah ya sa albarka. Amsa a taƙaice ita ce, wannan magana ba ta da tushe. A galibin jami'o'in Nijeriya, makin da kika samu tun zangon farko zai bi ki har ranar da za a ba ki digiri. Bari in yi miki dalla-dalla.

A sakandare, idan an ci jarrabawar shekara an wuce, shi ke nan, an rufe littafi. A jami'a kuwa tarawa ake yi, kamar asusu. Kowane darasi yana da nauyinsa, wani 1, wani 2, wani 3, gwargwadon yawan sa'o'in laccarsa a mako. Sannan makin da aka ci ana mayar da shi harafi, kowane harafi da darajarsa. Daga 70 zuwa 100 shi ne A, darajarsa 5. Daga 60 zuwa 69, B, daraja 4. Daga 50 zuwa 59, C, daraja 3. Daga 45 zuwa 49, D, daraja 2. Daga 40 zuwa 44, E, daraja 1, a wuraren da ke aiki da shi. Abin da ya gaza 40 kuwa F ne, ba shi da komi.

Ga misali. A ce kin ɗauki darussa uku. Mai nauyi 3 kin ci A, wato 5 sau 3, 15 ke nan. Mai nauyi 2 kin ci C, 6 ke nan. Mai nauyi 1 kin faɗi, sifiri. A haɗa, 21. A raba da jimlar nauyi, wato 6, an sami 3.50. To amma da a ce mai nauyi 3 ɗin kika faɗi, kika ci A a mai nauyi 1, jimla za ta zama 11, sakamako ya faɗo 1.83. Kin ga ashe ba duka darussa ne suke ɗaya ba.

Idan aka haɗa lissafin dukkan zangunan da ɗalibi ya yi, shi ne abin da ake kira CGPA, kuma da shi ake yanke darajar digiri. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama. Daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa. Daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Masu karatun likita tsarinsu dabam ne, ba a kasa digirinsu haka.

Yanzu duba nan. Ɗalibin digirin shekara huɗu da ya gama aji ɗaya da 2.00, in nauyin darussan kowace shekara daidai yake, sai ya riƙa samun 4.00 shekara uku a jere kafin ya kai 3.50. Daraja ta ɗaya kuwa ta kuɓuce masa, ko da A zalla zai riƙa ci har ya gama. Ga kuma darasin da aka faɗi, wanda ɗalibai ke kira kari-oba: dole a maimaita shi wata shekara a kan sabbin darussa, kuma a wurare da yawa sifirin farko yana nan cikin lissafi. Wanda sakamakonsa ya yi ƙasa ainun ana ba shi shekarar gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi.

Me ke kada sabbin ɗalibai? Yawanci ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, rashin mai tsawatawa ne. Babu ƙararrawa, babu bulalar makara, malami zai shigo ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane ya yi bayani ya fita, ba zai tambayi wa ya zo ba. Sai yaro ya ɗauka hutu ya samu.

Saboda haka ga shawarata. Na ɗaya, ki gama rajistar darussa da wuri, ki nuna wa malamin da aka ɗora wa kula da ajinku ya duba, domin darasin da ba a yi wa rajista ba ko an zauna jarrabawarsa ba a lissafa shi. Na biyu, kada ki raina gwaji da aikin gida, su ne ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100 tun kafin jarrabawa. Na uku, ki riƙa zuwa lacca, don ƙa'ida a jami'o'i da yawa sai an halarci kashi 75 cikin 100 ake shiga jarrabawa. Na huɗu, abin da aka koyar yau a bita shi yau. Ga Laburaren Kashim Ibrahim nan a Samaru, ki saba da shi tun makon farko. Na biyar, ki karanta kundin dokokin ɗalibai na jami'arku, shi ne alƙali a kan duk abin da na faɗa.

Kewar gida kuwa za ta zo, kowa ya ɗanɗana ta, kuma tana wucewa. Ki dai zaɓi ƙawayen da za su tashe ki karatu, da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye kuma, in yara sun zo hutu, a riƙa cewa su nuna takardar sakamako.

Da fatan kin gamsu. Sai wani makon in Allah ya kai mu, a huta lafiya.