Yadda 'yan Senegal suka ƙwato ranar zaɓensu

Ranar 3 ga Fabrairu 2024, ana saura sa'o'i kaɗan a fara yaƙin neman zaɓe, Shugaba Macky Sall ya fito a talabijin ya ce ya ɗage zaɓen da aka tsayar ranar 25 ga wata. Bayan kwana biyu majalisa ta tura shi har 15 ga Disamba, kuma sai da jandarmomi suka fitar da 'yan adawa daga zauren kafin a kaɗa ƙuri'a. Aka katse intanet ɗin wayar hannu. A yankin da sojoji suka riga suka karɓe Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar, da yawa sun ɗauka ta Senegal ma ta ƙare.

Mutanen Senegal ba su kira soja ba. Abin da suka nema guda ne, a mayar musu da ranar zaɓe. Ƙungiyoyin farar hula da na ma'aikata da na addini suka haɗu a inuwa ɗaya mai suna Aar Sunu Election, 'yan takara suka kai ƙara, matasa suka cika tituna. An yi asarar rayuka, har da ɗalibin jami'a a Saint-Louis. Ranar 15 ga Fabrairu Majalisar Kare Tsarin Mulki ta yanke hukunci cewa ɗagewar ta saɓa wa doka, Sall ya ce zai bi.

A nan ne mutumin Nijar zai tuna da 2009. Kotun tsarin mulki ta ce wa Shugaba Tandja Mamadou tazarcensa ba ya bisa ƙa'ida, sai ya rusa kotun, ya yi ƙuri'ar raba gardama a watan Agusta, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010. Mutanen Yamai ma sun yi zanga-zanga, don haka fitowa titi kaɗai ba ta isa ba. Ni a ganina, abin da ya taimaki Senegal shi ne sabo. Sojojinta ba su taɓa yin juyin mulki ba tun samun 'yanci a 1960, jama'arta kuma sun taɓa gwada ƙarfinsu: ranar 23 ga Yuni 2011 suka yi dafifi a ƙofar majalisa har Shugaba Abdoulaye Wade ya janye gyaran tsarin mulkin da ya kawo. Alƙalin da ya san akwai irin waɗannan mutane a bayansa ba ya jin tsoron faɗin gaskiya.

An yi zaɓen ranar 24 ga Maris, cikin azumi. Mutane suka bi layi da ƙishirwa, da dare gidajen rediyo suna karanto sakamako rumfa bayan rumfa, kowa na lissafi a gidansa. Bassirou Diomaye Faye, wanda kwana goma kafin nan yake kurkuku, ya ci da kashi 54 cikin ɗari. Amadou Ba, ɗan takarar gwamnati, ya taya shi murna tun kafin a bayyana sakamako a hukumance.

A Najeriya ma doka ta ce a ƙirga ƙuri'a a rumfa, a faɗi sakamako a gaban jama'a. Amma da yawanmu muna dangwala yatsa mu wuce gida, mu bar wakilan jam'iyya su kaɗai da akwatin.