Hattara Da Janareta A Gida

Jama'ar Kura da Bunkure da Garun Malam, Allah ya yi muku arzikin ruwa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke bin kanal yana shiga gonakinku rani da damina. Kuna noma shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Wanda ya yi sa'ar kaka, in ya sayar da amfaninsa ya kan sayi babur, ko injin ban ruwa, ko kuwa janareta, watau injin da ke ba da wutar lantarki sa'ad da aka ɗauke ta.

Janareta abu ne mai amfani ƙwarai. Da shi a ke samun haske da dare, yara su yi karatu. Da shi fanka ke juyawa da bazara. Da shi mai shago ke sanyaya ruwa, mai aski ya yi aski, mai cajin waya ya sami abin cefane. Amma kamar wuƙa ya ke. Wuƙar da ta yanka maka nama, ita ce ke yanke maka yatsa in ka yi sakaci. Hanyoyin da janareta ke cutar mutum guda 3 ne: hayaƙi, da fetur, da wutar lantarkin kanta. Hayaƙin ya fi sauran kisa, saboda haka da shi za mu fara.

Gubar da ba a gani

Ko wane inji mai shan fetur ko gas yana fitar da hayaƙi ta salansa. A cikin hayaƙin nan akwai wata iska mai guba, likitoci suna kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi. Ba ta da wari. Ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Baƙin hayaƙin da ku ke gani da ido dabam ne da ita. Ko sabon inji ne fil, wanda ba a ganin hayaƙinsa ko kaɗan, yana fitar da ita. Tun da fetur ya yi tsada a 2023 waɗansu sun juya injinsu ya koma shan gas na girki. To, su sani shi ma yana fitar da ita.

Kun riga kun san wannan guba, sunanta ne kawai baƙo. Ita ce ke cikin garwashin gawayi. Dattawa sun daɗe suna hana a shiga ɗaki da kaskon wuta da hunturu a rufe ƙofa a kwanta. Abin da kasko ke yi a hankali, janareta yana yinsa da gaggawa.

Ga yadda ta ke aiki. In mutum ya ja numfashi, iska mai kyau ta kan shiga huhunsa. Jini ya ɗauke ta, ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran jiki. Jini kamar motar haya ne, iska mai kyau ita ce fasinja. To, in gubar nan ta zo tasha, jini ya fi kama ta fiye da iska mai kyau, har sau 200 da ɗoriya. Sai ta cika kujeru ta zauna, ta ƙi sauka. Motar tana ta kai da kawowa, amma ba ta kai wa jiki kome. Mutum yana numfashi, alhali jikinsa yana shaƙewa.

Wanda ke farke zai ji ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Ƙafafunsa su yi nauyi, tunaninsa ya rikice. Sau da yawa sai ya ce zazzaɓin sauro ne, ya sha magani ya koma ya kwanta. Wanda ke barci kuwa ba ya jin kome, daga barci sai suma, daga suma sai mutuwa. Shi ya sa a ke samun mutanen ɗaki guda duka sun tafi a dare ɗaya. Jarirai da tsofaffi da mata masu ciki su ta fi saurin kayarwa, ɗan da ke ciki kuwa ya fi uwarsa shan wuya.

A ƙasar Ingila, masu haƙar kwal sun daɗe suna fama da wannan guba cikin ramukansu. Wani masani, sunansa John Scott Haldane, ya ba da shawara a riƙa shiga rami da ƙananan dabbobi ko tsuntsaye, domin guba ta fi saurin kama su. Sai suka riƙa shiga da kanari cikin keji. In suka ga kanari ya faɗi, sai kowa ya nemi hanyar fita. Ba su bar wannan dabara ba sai a 1986, da na'ura ta maye gurbin tsuntsun. Ku duba, ƙarti majiya ƙarfi ba su amince da hancinsu ba. Ku ma kada ku amince da naku.

Me ke sa a shigar da shi ciki?

Bari mu buga misali. A ce wani manomi ya sayar da shinkafarsa, ya sayo janareta. Da magariba ya kunna shi a ƙofar gida. Can da dare hadari ya taso. Ga tsoron ruwa, ga tsoron ɓarawo. Sai ya ɗauko shi ya ajiye cikin zaure, ya rufe ƙofa ya sa sakata. Samarin gidan guda 2 suna kwance a zauren.

Maƙwabcinsa ya ji ƙarar inji ta koma ciki, sai ya zo ya buga ƙofa, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri na tashe ka. Fitar da injin nan, ko ka kashe shi."

Maigida ya ce, "Haba Alhaji, ai na bar taga a buɗe. Kuma kuɗin shinkafa buhu nawa ne a jikinsa, in bar wa ɓarayi?"

Maƙwabcin ya ce, "In an sace inji, baɗi ka sayi wani. A wace kasuwa za ka sayo yaran nan?"

Maƙwabcin ya fi shi gaskiya. Taga ɗaya ba ta isa ba. Ko an buɗe ƙofa da taga duka, inji yana zuba guba fiye da yadda iska ke kwashewa. Zaure, da shago, da ɗakin girki, da ɗakin ajiya, da lungun da ke tsakanin ɗakuna, da gareji, duk ba wurin janareta ba ne muddin yana aiki.

Tsoron ɓarawo kuwa ba abin raini ba ne, amma yana da magani. A kai wa mai walda ya ƙera keji na ƙarfe mai sarari ta ko ina, a kafa shi da siminti a fili, a sa sarƙa da kwaɗo. Saboda ruwan sama a yi masa rumfar kwano mai tsawo, wadda ba ta da bango. Wanda bai sami halin wannan ba, in lokacin barci ya yi ya kashe inji, ya bari ya huce, sa'an nan ya shigar da shi. Injin da ke kashe ba ya fitar da guba. Gara a kwana da zufa a tashi lafiya.

Nisan da likitoci ke so tsakanin inji da ƙofa ko taga shi ne mita 6, watau kamar yadi 7. Mutanen Kura masu rini da awon yadi ba sa bukatar a gwada musu wannan. A juya bakin salansa ya ba ɗakuna baya. A duba kuma kada ya fuskanci tagar maƙwabci, domin haƙƙin maƙwabtaka ya hana ka kore cuta daga ɗakinka ka tura ta ɗakin wani. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai batir da a ke rataye wa a ɗakin kwana, in ta ji gubar sai ta yi ƙara. Mai hali ya neme ta, ita ce kanarin zamani.

Ku manoman rani, ga taku ta musamman. Injin ban ruwa ɗan'uwan janareta ne, hayaƙinsu ɗaya. In ruwan rijiya ya ja baya, kada a zura inji ciki yana aiki, mutum kuma ya bi shi. Rijiya ba ta da taga. In wani ya suma a ciki, kada ɗan'uwansa ya yi wuf ya faɗa don ceto, sai a yi asarar biyu. A kashe inji, a yi kururuwa a tara mutane, a kira 'yan kwana-kwana.

In abin ya auku

In mutum 2 ko 3 a gida ɗaya suka kama ciwon kai da jiri lokaci guda, inji kuwa yana aiki, ku zargi hayaƙi. In an fita waje an ji sauƙi, an komo ciki ciwon ya komo, to, shi ne. Ga abin yi:

1. Ka ja numfashi a waje, ka shiga ka buɗe ƙofofi, ka kashe inji. Kada ka daɗe ciki.
2. A fito da kowa fili inda iska ke kaɗawa.
3. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefensa, don kada amai ya shaƙe shi.
4. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa. Ba sa fitar da gubar, sai ma su bi ta huhu.
5. A kai su asibiti nan da nan, Babban Asibitin Kura ko wanda ya fi kusa. A gaya wa likita hayaƙin inji ne. Maganinsa iskar oksijin ce da a ke sa wa mutum a hanci.
6. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi. Gubar ta kan taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya, abin ya fito daga baya.

Fetur

Fetur ba kamar kananzir ba ne. Tururinsa ma kama wuta ya ke yi, yana kuwa bin ƙasa ya tafi nesa har ya iske murhu. Kada a ƙara mai inji yana aiki. A kashe shi, a jira ya huce, har ka iya ɗora hannu kusa da shi ba ka ji zafi ba. A zuba da mazurari. In dare ne a haska da tocila. Ban da ashana, ban da aci-bal-bal, ban da taba.

A ajiye fetur cikin jarka mai murfi, a inuwa, nesa da ɗakin girki da ɗakin kwana. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa, domin yaro ba ya tambaya kafin ya sha. In fetur ya kama wuta kada a watsa ruwa. Fetur ya kan hau kan ruwa ya bazu da wutarsa. A zuba yashi ko ƙasa. Saboda haka bokitin yashi ya zauna kullum kusa da kejin inji.

Wutar lantarki

Waɗansu su kan ɗauko waya daga janareta su cusa cikin soket na bango, don wuta ta zaga gida duka. Wannan mugun aiki ne. Wutar ba ta tsayawa a gidanka. Ta kan fita ta bi wayar kan titi har taransifoma. Ƙarfin wutar gida bolt 230 ne, amma in ta bi taransifoma ta baya sai ta hau har dubbai. Ma'aikacin kamfanin KEDCO da ya hau turke yana gyara, ya tabbata an kashe layi, sai wutarka ta buge shi. Har wa yau, in aka kawo wuta ba zato, wuta biyu su haɗu, inji ya ƙone, watakila da gidan.

Maganin wannan shi ne makunnin sauya wuta, wanda masu gyaran wuta ke kira cenji-oba. Shi ke raba wutar kamfani da ta inji, ɗaya ba ta shiga sai an yanke ɗaya. A kira wanda ya koyi aikin ya sa shi.

Kada a taɓa inji da jiƙaƙƙen hannu, ko ana tsaye cikin ruwa. Wayar da ta sale a sake ta, kada a naɗe ta da leda. Kada a ɗora wa ƙaramin inji dutsen guga da firji da abin dafa ruwa gaba ɗaya, jaki ma in kaya ya fi ƙarfinsa durƙushewa ya ke yi. In wuta ta kama mutum, kada ka cafke shi, sai ta haɗa da kai. Ka kashe inji, ko ka ture wayar da busasshen itace. Yara kuwa a hana su wasa kusa da shi, salansa tana ƙuna kamar garwashi.

Abin da za ku riƙe

Rigakafi ya fi magani. Kai da ka iya karatu yanzu, nauyi ya hau kanka. Karanta wa matan gidanku wannan, domin sau da yawa su ke gida da inji in kana gona. Karanta wa mai shagon unguwarku da ke kwana cikin shagonsa. In ka ji ƙarar inji tana fitowa daga ɗaki a rufe, kada ka ji nauyin buga ƙofa, ko da tsakar dare ne. Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.

Tambayoyi

1. Me ya sa hanci ba ya jin gubar da ke cikin hayaƙin inji?
2. Yadi nawa ya kamata a bari tsakanin janareta da taga?
3. Me za ka yi in mutanen gidanku suka kama ciwon kai lokaci guda?
4. Da me a ke kashe wutar fetur?
5. Rubuta wannan cikin littafinka sau 3: Janareta ba ya aiki cikin ɗaki.