Daga Hirar Fartanya Zuwa Hirar Rumbu

Hirar majalisar manoma tana bin yanayi. Da faɗuwar damina zancen fartanya ake yi da garma: wane maƙeri ne ƙirarsa ke ƙarko, wace ƙota ce ba ta tsagewa. Da kaka ta yi, dammunan gero suka taru, sai hira ta koma kan rumbu da sussuka da yadda za a tsare hatsi daga gara da ɓera. Mutanen dai su ne, gonakin ma su ne, abin da ke hana su barci ne ya sauya.

Haka ta faru da wata mujallar Ingila da aka fara bugawa a 1985, mai suna Computer Applications in the Biosciences, wadda aka fi sani da CABIOS. A lokacin kwamfuta baƙuwa ce a ɗakin binciken halittu. Mai karanta mujallar masani ne da ya samu 'yar kwamfutar kan tebur, yana neman manhajar da za ta rage masa wahalar lissafi da hannu. Ita kuwa mujallar tana nuna masa kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. A cikinta Desmond Higgins da Paul Sharp suka bayyana a 1989 yadda manhajar Clustal ke jera jerin haruffan DNA masu yawa a ƙaramar kwamfuta, domin a ga inda suka yi kama da inda suka saɓa. A cikinta kuma Roderic Page ya gabatar da TreeView a 1996, mai nuna bishiyar dangantakar halittu. Wannan duk hirar fartanya ce, kuma ta dace da lokacinta.

Sai amfanin gona ya fara shigowa. A 1995 aka kammala karanta dukkan DNA na ƙwayar bakteriya Haemophilus influenzae, haruffa kusan miliyan 1.8. A 1996 aka gama na yisti, kusan miliyan 12. Aikin karanta na ɗan Adam, mai haruffa kusan biliyan 3, tun 1990 aka fara shi. Babu sauran mai tambayar ko kwamfuta na da amfani ga masanin halittu. Tambayar ta zama: ina za a zuba wannan tarin bayanai, kuma ta yaya za a sheƙe shi a fitar da tsaba? A 1998 mujallar, a hannun maɗaba'ar Jami'ar Oxford, ta koma Bioinformatics, ta mai da hankali kan nazarin bayanan ƙwayoyin halitta.

A ganina sun yi daidai, domin masu karatu ne suka fara juyawa, masu shirya mujallar suka bi su. Editan da ya juya alƙalami don kawai wani fage ya fi tashe, alhali tambayar mutanensa na nan inda take, zai rasa tsofaffin masu karatu bai kuma samu sababbi ba. Ko a sauyin da ya dace ma akwai mai cutuwa. Wanda ke amfani da kwamfuta don wani aikin ɗakin bincike da bai shafi jerin DNA ba, shi kam filinsa ya ragu, kuma bai kamata a raina wannan rashi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su kori maƙera daga majalisar ba, don manomi ko yana cikin sussuka ya san damina za ta dawo. Mujallar ta ci gaba da ware gurbi na gajerun maƙaloli masu gabatar da sabuwar manhaja: ga abin da take yi, ga inda za a same ta. A wannan gurbin Heng Li da abokan aikinsa suka gabatar da SAMtools a 2009, cikin shafi biyu kacal, kuma har yau ɗakunan binciken da ke karanta DNA a faɗin duniya da ita suke tace bayanansu.