Hawainiyarmu ta kwanta ciwo a Ingila: Yadda muka sha fama kafin samun likitan da ya san ta

Ranar da na gaya wa Hajiya ta waya cewa kwana uku ke nan muna neman likitan hawainiya, shiru ta yi har na ɗauka layi ne ya yanke. Can sai ta ce, "Hawainiya dai wadda na sani, mai tafiya kamar ba ta so?" Na ce ita fa. Ta ce, "To, Allah ya kyauta. Ashe ƙarshen zaman Turai ke nan."

Ban ga laifinta ba. Mu da muka tashi a gida mun san hawainiya aba ce da ake gani a kan reshe a kauce mata. Yara na jifanta, manya na cewa tana da dafi, alhali ba ta da shi. Ba a taɓa jin wanda ya sa kuɗinsa ya saye ta don sha'awa ba. Amma yaran da muka haifa a nan duniyarsu daban. Autana ɗan shekara 11 ya shafe kusan shekara yana tara kuɗin barka da Sallah da ɗan abin da ake ba shi na mako, kullum maganarsa hawainiya. Mun hana kare, kyanwa kuma mamansa ba ta jure gashinta. Da ya matsa, sai muka ce ai wannan ba ta haushi, ba ta ɓata kujera, bari a saya masa a huta.

Wani kantin sayar da dabbobi muka je a gefen Birmingham. Matashin da ya saurare mu ya haɗa mana komai a tashi ɗaya: akwatin gilashi, ƙwan fitila mai zafi, kwanon ruwa, da roba cike da gyare masu rai. Ya ce namiji ne, kuma kiwonsa ba wuya. Irin wadda muka saya ita ce aka fi sayarwa a kantunan Ingila da Amurka, mai tudu a ka kamar ta kafa hula. Asalinta daga Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya ne, ko da yake waɗanda ke kasuwa yanzu a nan ake ƙyanƙyashe su.

Wata uku lafiya lau. Sai muka shiga hunturu, yaron ya fara cewa ba ta kamun gyare kamar da. Takan harba harshe ya faɗi kafin ya kai. Daga nan ta fara rufe ido da rana. Wata Asabar da safe muka same ta a ƙasan akwatin, ta yi duhu, tana son hawa reshe ƙafafunta na rawa. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, mutuwa za ta yi?" Ban da amsar da zan ba shi.

Abin da na sani yanzu, ban sani ba a lokacin, shi ne hawainiya gwanar ɓoye ciwo ce. A daji duk wadda ta nuna rauni ta zama abincin tsuntsu ko maciji, don haka takan daure har sai ƙarfi ya ƙare. Idan ka ga tana barci da rana, ko idanunta sun faɗa, ko ta sauko ƙasa ta zauna, to ciwon ya jima a jikinta.

Kantin muka fara komawa. Wata ma'aikaciya daban muka tarar, ta ce wataƙila saɓa za ta yi, mu ƙara mata kwana biyu, ta kuma nuna mana wani maganin ɗigawa a ruwa da za mu saya. Ba da mugunta ta faɗa ba, iya abin da ta sani ke nan. A Birtaniya, dokar likitocin dabbobi ta 1966 ta keɓe gano cuta da yi wa dabba magani ga likitan da ke da rajista. Mai kanti ɗan kasuwa ne, ko da kuwa yana sanye da riga mai hoton ƙadangare.

Daga nan na kama waya. Asibitin dabbobi na unguwarmu suka ce su karnuka da kyanwoyi suke gani. Na biyu suka ce suna da likitar "exotics", wato kalmar da ake tara duk dabbar da ba kare ko kyanwa ba a ƙarƙashinta. Na yi murna, sai da na ƙara tambaya aka ce ai zomaye da ɓerayen masar ta fi gani. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Zomo da hawainiya ba abin da ya haɗa su sai kasancewa cikin keji. Ita jikinta ba ya samar da ɗumin kansa, da zafin wurin da take yake tafiya, saboda haka yadda magani ke aiki a jikinta ma ya danganta da ɗumin akwatinta. Akwai kuma magungunan da ake bai wa kare da saniya kullum amma suna kashe wasu masu jan ciki. Maganin tsutsa na ivermectin, wanda makiyayanmu suka sani sarai, yana iya hallaka kunkuru.

A asibiti na uku ne muka dace da mutumin kirki. Likitan ya karɓe mu da yamma, ya duba ta, ya ce mana ƙarara shi ba fanninsa ba ne. Ya ce abin da zai iya shi ne taimakon gaggawa, ya nuna mana yadda za mu ɗumama ta, sannan ya rubuta takardar tura mu wurin wata likita da ke tafiyar fiye da awa ɗaya a mota. Na fi ganin girman wannan likitan a kan wanda zai karɓi kuɗina ya yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta a kan zato.

Da na san hanya tun farko, da ban ɓata kwana uku ba. Hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a Birtaniya, Royal College of Veterinary Surgeons, wato RCVS, tana da shafin neman likita inda za ka sa lambar unguwarka ka tace da irin dabbar da asibiti ke karɓa. Haruffan MRCVS a bayan suna na nufin mutum likita ne mai rajista, ba su nuna ƙwarewa a kan masu jan ciki. Abin dubawa shi ne ƙarin shaida irin su CertZooMed ko CertAVP a fannin dabbobin dawa, ko DipECZM ta kwalejin Turai. Akwai kuma ƙungiyar British Veterinary Zoological Society, ta likitocin da suka mai da hankali a kan irin waɗannan dabbobi. Mazauna Landan suna da asibitin Royal Veterinary College a Camden mai sashen irinsu, na Sikotland kuma suna da makarantar likitan dabbobi ta Jami'ar Edinburgh. 'Yan uwa na Amurka su nemi shafin ƙungiyar ARAV, ta likitocin dabbobi masu jan ciki da dangin kwaɗi, nan ma akwai jerin likitoci gari-gari.

Ko ka samu suna, kada ka ji nauyin tambaya a waya. Mu Hausawa muna da kunyar yi wa likita tambaya, kamar rashin ladabi ne. A nan ba haka ba ne, kuɗinka za ka biya. Ka tambaya hawainiya nawa likitan ke gani a wata, ko suna ɗaukar hoton ƙashi da gwajin bayan gida a wurin, da kuma wa ke karɓar aiki idan abu ya taso da dare. Ka tambayi kuɗi tun kafin ka taso. Babu NHS na dabbobi, komai daga aljihunka ne. Mu dai ganin likita da hoto da magani sun ninka kuɗin da aka sayi dabbar. Akwai inshorar irin waɗannan dabbobi, amma ba ta biyan ciwon da ya riga ta.

Asibitin da aka tura mu, tun a waya na gane mun zo wurin masu sana'a. Suka ce mu sa ta a ƙaramin kwali mai duhu da tawul a ƙasa, mu naɗe robar ruwan ɗumi mu ajiye a gefen kwalin don sanyin hanya. Suka ce mu zo da hotunan akwatinta, da kwalin ƙwan fitilar, da duk garin da muke barbaɗa wa gyaren, da sabon bayan gidanta idan ta yi.

Likitar ta shafe kusan minti 20 tana yi wa yaron tambayoyi kafin ta taɓa dabbar. Me take ci, sau nawa, ina take shan ruwa, wace irin fitila. Da ta ga kwalin fitilar sai ta ajiye shi a gefe ta ce ga matsalar nan. Fitilar zafi kawai take bayarwa, ba ta da hasken UVB. Da wannan haske ne fatar hawainiya ke haɗa bitamin D3, da shi kuma hanjinta ke tsotsar kalsiyam daga abinci. Idan babu, jiki sai ya koma yana zare kalsiyam daga ƙashi don ya rayu, har ƙashin ya yi laushi. Na ce ai akwatin na kusa da taga. Ta ce gilashi na tare UVB, kuma ranar Ingila a watan Disamba ko ba gilashi ba abin da za ta tsinana. Ga shi gyare kansa ba shi da kalsiyam sosai, sai an ciyar da shi ganye mai kyau an kuma barbaɗa masa garin kafin a ba ta. Ba wanda ya gaya mana.

Hoton ƙashin ya nuna komai. Ƙasusuwan ƙafa sun yi dishi-dishi har da ƙyar ake rarrabe su da nama, ɗaya ta lanƙwashe, muƙamuƙin kuma ya yi taushi. Kwanon ruwan ma aikin banza ne, domin hawainiya ba ta cika shan ruwan da ke kwance ba, ɗigon da ke kan ganye take lasa. Likitar ta nuna wa yaron farin ɓangaren da ke fita tare da bayan gidanta, ta ce idan fari ne ruwa ya wadace ta, idan ya koma ruwan goro to ƙishi ya kama ta. Namu ruwan goro ne.

Sai kuma ta juya ƙafar baya ta ce, "Wa ya ce muku namiji ne?" Namijin wannan iri yana da ɗan tsini a diddige tun daga ƙyanƙyasa, tamu ba ta da shi. Wannan ba ƙaramin zance ba ne. Macen takan yi ƙwai ko ba namiji, wani lokaci fiye da 30 a zubi ɗaya, kuma kowane ɓawo da kalsiyam ɗin jikinta ake yin sa. Idan ba ta da ƙarfi, ko ba ta samu ƙasa mai danshi da za ta tona ba, ƙwan na iya maƙale mata har sai an yi tiyata, ko ta mutu.

Aka ba mu kalsiyam na ruwa da za mu riƙa ɗiga mata da ƙaramin sirinji, aka koya mana yadda za mu yi kada ya bi ta hanyar numfashi. Likitar ta ja kunnenmu a kan ƙara yawan bitamin da kanmu, ta ce yawansa ma guba ne. Ni kuma na ƙara da nawa jan kunnen ga mutanenmu, masu al'adar buɗe durowa a ɗauko farasitamol ga duk abin da ya yi zazzaɓi: ban da hawainiya. Muka sayi doguwar fitilar UVB, wadda ake canjawa duk wata 6 zuwa 12 ko da tana ci, saboda hasken na raguwa ido bai gani. Muka sauya akwatin da keji mai shan iska, muka sauko da rassan ƙasa-ƙasa don kada ta faɗo ta karye.

Na koma kantin da rasit da takardar likita. A Ingila, ƙa'idojin 2018 sun wajabta wa duk mai sana'ar sayar da dabbobin gida ya samu lasisi daga ƙaramar hukuma, ya kuma bai wa mai saye bayanin kula da dabbar. Idan kanti ya ƙi saurarenka, sashen lasisi na kansul ɗinku ne wurin kai ƙara. Manajan ya mayar mana da kuɗin fitila da akwati. Sai dai dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta hau kaina ni ma, domin ta ɗora wa mai dabba alhakin kare ta daga ciwo da wahala, kuma idan yaro bai kai shekara 16 ba, iyayen ne ke da alhakin.

Wani aboki da ya ji labari ya ce ai da na faɗa masa, da ya taho mini da guda biyu daga gida a kwali. Wasa yake, amma kada wani ya gwada. Hawainiyar yankinmu tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, ba a ƙetare iyaka da ita sai da izini. An sha fitar da irinta daga Ghana da Togo da Benin zuwa kasuwannin Turai da Amurka, kuma waɗanda aka kamo daga daji sukan iso da tsutsar ciki da ƙishi, jinyarsu ta fi ta tamu wuya. Masu ƙananan yara kuma su lura, masu jan ciki na ɗauke da ƙwayar salmonella, don haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa keji ba zaɓi ba ne.

Da na sake kiran Hajiya na ba ta labarin kuɗin da muka kashe, na shirya shan faɗa. Sai ta ce, "Ai tunda kuka raba ta da dawa kuka kulle, haƙƙinta na wuyanku. Ba ni mai gidan nawa." Na miƙa wa yaron waya. Ina jin ta tana tsokanarsa wai ya yi mata kishiya mai ido ɗaya gabas ɗaya yamma.

Bayan mako shida muka koma aka sake hoto. Ƙashin ya fara yin ƙarfi, harshen ya dawo yana kai wa gyare. Ƙafar da ta lanƙwashe ba za ta miƙe ba, likita ta ce haka za ta zauna. Yanzu akwai bokitin yashi mai danshi a kusurwar kejin, yaron na duba shi kullum kafin ya tafi makaranta, saboda an ce mana idan ta fara sauka tana tono, mu rufe kejin da zane mu ba ta wuri, idan kuma ta wuce kwana biyu ba ta zuba ƙwan ba mu kira asibiti.