Abin da ke ƙarƙashin benayen Daura

Duk wanda ya daɗe bai shiga Daura ba, zai ga benaye sun tashi inda ya bar gonakin gero, musamman tun zuwan Jami'ar Sufuri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ido na kan fenti da tayil. Tushe kuwa, da an rufe shi da ƙasa an manta da shi.

Idan ƙasar sama ba ta da ƙarfin ɗaukar bene, injiniyoyi kan haƙa ramuka masu zurfi kamar siraran rijiyoyi, a zura rodi, a zuba kankare. Waɗannan turaku su ke kai nauyin ginin can ƙasa inda take da tauri. Sai a haɗa kawunansu da bim ɗin kankare kwance, wanda bulo zai hau kansa.

Girgizar ƙasa gefe da gefe take jijjiga gini, kamar mace na tankaɗe. Wurin da ya fi shan wuya shi ne wuyan turke, daidai inda ya haɗu da bim. Shi ya sa ake matso da zobban rodi kusa da juna a nan, a kuma lanƙwasa bakinsu ciki don kada su buɗe. Bim ɗin kuma yana ɗaure turakun su motsa tare, kada wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma. Wani lokaci kuma ƙasar ce kanta ke gazawa: a Niigata ta Japan a 1964, yashi mai jiƙe ya koma kamar kunu da girgiza ta zo, benaye suka kwanta ɗungurungum ba tare da bangonsu ya farfashe ba.

Wani zai ce mu ina ruwanmu. Gaskiya ne ƙasar Daura ba ta cikin yankunan girgiza irin su Turkiyya. Amma ƙasa ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a 2018.

Ni dai abin da ya fi damuna kududdufi ne. Kakanninmu sun haƙi ƙasar gini, ramin ya zama matattarar ruwa, aka yi shekaru ana zuba shara, yau an daddale an yanka fuloti. Na taɓa tsayawa ana haƙar fandishan a irin wannan wuri: ƙafa huɗu, shebur na fito da leda da tsohon takalmi. Birkila ya ce, "Alhaji, a ƙara zurfi a ɗaure da bim." Mai gida ya ce siminti ya yi tsada. Damina biyu, tsaga ta taso daga kusurwar taga har linta, ƙofar falo ta daina rufuwa sai an sa kafaɗa.